Amsar Malam kan koren abin da ya fito a bakin rijiya

Assalamu alaikum jama'a. To ɗana, na ga hoton da ka turo jiya, koren abin nan na bakin rijiyarku, wai mene ne sunansa. Ai na san inda ka dosa, so kake ka ji ko zai ɓata muku ruwa. Ba zai ɓata ba, a jikin siminti yake zamansa.

Gansakuka ce. Amma mu Hausawa komai kore gansakuka ne a wajenmu, nan ake samun ruɗani. Ta cikin kududdufi, mai yauƙi, wadda ke kayar da mutum a makwarara, wannan daban. Taka ta bakin rijiya kuwa, shafa ta za ka yi, za ka ji laushi kamar karan-miski. Ba ta fure, ba ta da saiwar kirki, wasu 'yan zarurruka ne ke riƙe ta. In ka kai ido kusa za ka ga 'yan ganyayyaki, da wani silili a tsaye mai ɗan kai, bai kai kan ashana ba. A cikin kan nan irinta yake, gari ne kamar ƙura, iska ke raba shi.

Wani ya rubuto wai nau'in gansakukar da ake kira Funaria ce, manhajar waya ta gaya masa. Haba! Shekara nawa ina koyar da Funaria a sakandare? Ita toka take so, inda aka ƙona gawayi ko aka cinna wa shara wuta a gona. Sililinta dogo ne, kan ya sunkuya. Ta jikin siminti kuwa na fi zargin wani nau'in ne mai suna Hyophila, wadda ganyenta ke naɗewa ciki in ta bushe. A'a, bari dai, kar na yanke hukunci, hoton naka ya yi dishi-dishi. Ɓamɓaro kaɗan da wuƙa, ka bar shi ya bushe a kan takarda, sannan ka ɗiga masa ruwa. Kana tsaye zai buɗe ya koma kore shar. Ka ɗauko min kafin da bayan.

Akwai wata gansakuka da na yi damina uku ina bibiya a gindin katangar gidanmu, inda indararo ke zuba. Na je Kano kwana biyu, na dawo na tarar ƙanena ya sa yara sun kankare ta da fartanya, wai ƙazanta ce. Ƙazanta! Har yau in na tuna... to, a bar maganar.

Mai son gani da yawa ya jira marka ta zauna a Agusta, ya leƙa tsagin duwatsun Rano ko na Birnin Kudu, gefen da inuwa ke daɗewa. Riruwai ma ta fi, ruwan can ya fi namu. Da hunturu ya shigo za ka rantse gansakukar ta mutu, alhali kwanciya ta yi.

Kuma ka goge gilashin wayar nan kafin ka sake ɗauka.