Tabaran VR da filin metabas: in saya ko in haƙura?

Tambaya: Salam Malam, ni ina sana'ar zane a kwamfuta, fosta da katin biki da tambarin shaguna. Wani abokina ya dame ni wai in sayi tabaran nan na VR, waɗanda in ka sa sai ka ga kamar kana cikin wata duniya ta kwamfuta, saboda nan gaba kaɗan duk aiki da kasuwanci a cikin metabas, wato irin wannan duniyar ta kwamfuta da ake haɗuwa a ciki ta intanet, za a koma yi, har yana cewa in sayi fili a ciki tun yana da araha. Na ɗan tara kuɗi da niyyar canja laftof. Don Allah wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ƙanina canja laftof ɗinka, kar ka ko tsaya shawara a kan wannan. Amma bari in gaya maka dalili don ka samu abin da za ka mayar wa abokin naka in ya dawo.

Maganar "nan gaba kaɗan kowa zai koma ciki" ba yau aka fara ta ba. Tun 2003 wani kamfani a Amurka mai suna Linden Lab ya buɗe Second Life, duniya ce ta kwamfuta da kuɗinta na kanta, mutum ya yi wa kansa siffa ya sayi fili ya gina gida ya buɗe shago. Wajen 2006 zuwa 2007 abin ya yi tashe sosai, kafar dillancin labarai ta Reuters ta ajiye wakili a ciki, ƙasar Suwidin ta buɗe ofishin jakadanci a ciki, manyan kamfanoni suka yi ta rububin gina ofisoshi. Bayan 'yan shekaru yawancinsu suka tattara suka fice shiru-shiru. Second Life na nan har yau da masu sonta, amma duniya ba ta ƙaura can ba.

Sai a watan Oktoban 2021 Mark Zuckerberg ya canja wa kamfanin Facebook suna zuwa Meta, abin ya sake tashi. Dama tun 2014 ya sayi Oculus, masu ƙera tabaran, a kan kusan dala biliyan 2. To ka duba abin da ya biyo baya: sashen da ke kula da wannan harka, Reality Labs, ya yi asarar dala biliyan 13.7 a 2022, biliyan 16.1 a 2023, biliyan 17.7 a 2024, kuma su da kansu suke fitar da wannan lissafi ga masu hannun jari. Microsoft kuwa rufe tata duniyar ta yi, AltspaceVR, a watan Maris na 2023. In masu wannan aljihun suna ta zuba ruwa a kwando, kai da kuɗin laftof ɗinka fa?

Ni na sa tabaran nan ba sau ɗaya ba, kuma gaskiya mintuna goman farko abin burgewa ne wallahi, ka juya kai ko'ina ka ga kana wani waje daban, har na miƙa hannu zan dafa wani tebur da babu shi na kusa kifawa. Amma akwai ranar da muka gwada yin mitin a ciki, mu biyar, lokacin zafi ne kuma ba wuta, kafin rabin awa soson da ke manne a fuskata ya jiƙe sharkaf da gumi gilashin ya yi hazo, ga kofin shayi a gabana ban san inda yake ba, ina son in rubuta abu a takarda ba na ganin biro, sai na ɗaga tabaran na leƙa ta ƙasa kamar mai satar amsa a jarrabawa. Ɗaya daga cikinmu ya cire nasa ya ce jiri yake ji kamar wanda ya hau mota a bayan akori-kura. Ƙarshenta a kiran WhatsApp muka ƙarasa mitin ɗin cikin minti goma.

Wannan jirin ba rashin sabo kaɗai ba ne, yana da dalili. A cikin kunnenka akwai wani sashe da ke gaya wa ƙwaƙwalwa ko jiki na motsi ko yana zaune, to ido na cewa kana tafiya kunne na cewa a kujera kake, ƙwaƙwalwa ta rikice sai tashin zuciya. Wasu suna sabawa, wasu har abada. Ga nauyi, Quest 3, wato tabaran kamfanin Meta, ya ɗan haura rabin kilo, ka ɗaure rabin kilo a goshinka na awa uku ka ji yadda wuya zai yi. Batirinsa ma awa biyu da ɗan wani abu ne ya mutu. Sannan rubutu ƙanana ba sa fita tas kamar a allon laftof, kai kuma aikinka gaba ɗaya na daidaita harafi da launi ne. Kuɗin fa, Quest 3 ya fito a 2023 a kan dala 499, na Apple kuwa, Vision Pro, dala 3,499 a farkon 2024, ka buga da canjin yau ka ƙara kuɗin kawowa, ka ƙara data mai ƙarfi wadda ba ta yankewa, don in netwok ya yi sanyi siffarka daskarewa take yi baki buɗe a gaban mutane.

Batun fili kuwa nan ne nake so ka buɗe kunne. Gaskiya ne a ƙarshen 2021 an sayi wani fili a Decentraland, ɗaya daga cikin irin waɗannan duniyoyin, a kan kusan dala miliyan 2.4, wannan labarin ne dillalai suke yawo da shi har yanzu. Abin da ba sa faɗa shi ne daga 2022 farashin irin waɗannan filaye ya zube warwas tare da kuɗaɗen kirifto da ake sayensu da su. Fili a Kano ko Kaduna yana daraja ne saboda ƙasa ba ta ƙaruwa kuma mutane dole su kwana a wani waje. Na metabas fa? Gobe wani kamfani ya buɗe sabuwar duniya da filaye dubu ɗari, kuma babu wanda dole ta sa ya bi ta ƙofar shagonka tunda danna maɓalli ɗaya ke kai mutum duk inda yake so. In masu manhajar suka kashe sabarsu, wato kwamfutocin da ke riƙe da duniyar, shikenan, ba mai unguwa ba dagaci da za ka kai wa ƙara. Ka tambayi abokin naka ko shi ya saya, kuma in ya saya ko akwai kamasho da zai samu in ya kawo ka.

Kar ka ɗauka ina cewa tabaran abin banza ne dai. Inda yake aiki yana aiki sosai, wato inda koyon abu a zahiri yake da haɗari ko tsada. Matuƙa jirgin sama sun daɗe suna atisaye a na'urar kwaikwayo kafin a ba su jirgi. Walmart ta raba tabarau kusan 17,000 a shagunanta na Amurka a 2018 don horar da ma'aikata. Ɗaliban tiyata suna maimaita aiki sau da yawa ba tare da an taɓa majiyyaci ba, masu zanen gine-gine suna sa wa mai gida tabarau ya zaga falonsa kafin a aza bulo ɗaya ya ce a matsar da taga. Ka lura duk waɗannan minti ashirin ne zuwa talatin a cire a koma bakin aiki, kamar gilashin mai walda, ba wanda ke wuni da shi. Sai wasanni da motsa jiki, nan kam yana da daɗi in kana da rarar kuɗi.

Ko a harkar ibada an taɓa wannan muhawara. A ƙarshen 2021 hukumomin Saudiyya suka nuna wani tsari na kallon Hajarul Aswad ta tabarau, mutane suka fara tambaya, hukumar addini ta Turkiyya ta fito a 2022 ta ce ziyarar Ka'aba ta wannan hanya ba ta zama aikin Hajji. Amma don a koya wa maniyyaci inda ɗawafi ke farawa da yadda Safa da Marwa suke kafin ya tashi, ai wannan ba ƙaramin taimako ba ne.

In har zuciyarka na kan wannan fanni akwai hanyar da ba ta cin kuɗinka. Sayi laftof mai katin hoto mai kyau, wato sashen da ke sarrafa hotuna a kwamfuta, da RAM aƙalla GB 16, ka sauke manhajar zane ta Blender, kyauta ce, ka fara koyon zanen abubuwa masu tsawo da faɗi da zurfi. Wannan ilimin shi ne ake gina duk waɗancan duniyoyin da shi, kuma ko metabas ta mutu gobe masu gine-gine da masu talla da masu kayan ɗaki za su biya ka. In kuma ɗanɗanawa kawai kake so, duniyoyi irin su VRChat da Roblox suna buɗewa a kwamfuta ba sai da tabarau ba, ka shiga ka yi sati guda ka duba ko za ka haɗu da mutum ɗaya a ciki mai neman a buga masa katin biki.