Tambaya da Amsa: Hitar gas ta daina ba da ruwan zafi da asuba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina noman rani na shinkafa a fadamar Argungu, ina kwana a motar da na gyara ta zama ɗaki. Na sa ƙaramar hita mai aiki da gas don wanka. Tun da hunturu ya kankama, ruwan da take bayarwa da asuba ɗumi-ɗumi ne kawai, wani lokaci wutar ma ta mutu. Ta lalace ne?
Wani mai karatu daga Birnin Kebbi

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Da wuya a ce ta lalace. Irin wannan hita ba ta ajiye ruwa ta dafa shi, tana ƙara masa zafi ne yayin da yake ratsa bututunta, kuma ƙarin yana da iyaka. Yawancin ƙananan, masu ba da lita 6 a minti ɗaya, an ƙera su ne su ɗaga zafin ruwa da kusan digiri 25. A watan Afrilu, in ruwan tankinka ya kai digiri 30, zai fito 55, sai ka sirka. A Janairu kuwa, ruwan da ya kwana a tanki cikin raɓar fadama zai iya sauka zuwa 15, sai ya fito 40, kafin ya cika bokiti iska ta ƙara rage ɗuminsa. Maganin nan mai sauƙi ne: ka rage famfon shigar ruwa. Ruwa kaɗan, zafi da yawa.

Mutuwar wutar kuma daga tukunyar gas take. Gas ɗin girki ruwa-ruwa yake a cikin tukunya, sai ya zama tururi sannan ya kama wuta, kuma yana jan zafi daga ƙarfen tukunyar kafin ya zama tururin. Hita tana zuƙar gas fiye da murhun girki nesa ba kusa ba, shi ya sa ƙaramar tukunya mai kilo 3 ko 6 take yin sanyi da kanta. Ka taɓa gindinta bayan minti biyar, za ka ji ta kamar an ciro ta daga firji, har da gumi a jiki. Idan gas ɗin ya kusa ƙarewa abin ya fi tsanani. Ka koma mai kilo 12.5, ka ɗora ta a kan katako maimakon ƙasa mai laima. Kada ka kuskura ka kusantar da ita ga garwashi don ta ɗumama.

Ka duba batiran da ke kunna wutar, sanyi yana rage musu ƙarfi, ka kuma busa ƙurar da ta toshe ramukan wutar.

Abin da ake tsoro a Turai da Amurka, wato ruwa ya daskare a digiri 0 ya kumbura ya fasa bututu, ba matsalarmu ba ce a Kebbi. Tamu ita ce rufe tagogi saboda sanyi. Wutar gas a rufaffen wuri tana haifar da iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi, kuma tana kisa. Ka rataye hitar a waje, a jikin mota inda iska ba ta bugunta kai tsaye, ka ja tiyo zuwa inda kake wanka.