An sallame ni bayan shekara 9, kotu za ta mayar da ni bakin aiki?

Tambaya: Barista, shekara 9 ina aiki a wani kamfani, rana tsaka aka miƙo mini takardar sallama ba tare da dalili ba. Ina so in kai ƙara a mayar da ni, a kuma biya ni albashin watannin da na yi a zaune.

Amsa: Malam, abin da ciwo, amma bari in gyara maka wani zato tun da wuri. Daɗewa a wurin aiki ba ta tilasta wa kotu ta mayar da mutum. Kotuna da dama, musamman masu bin tsarin shari'ar Ingila, ba sa son ɗora wa kamfani mai zaman kansa ma'aikacin da ya ce ba ya so. Diyya aka fi yankewa, kuma sau da yawa ba ta wuce albashin wa'adin sanarwar da ke cikin takardar ɗaukar aiki. In wata ɗaya aka rubuta a taka, kana iya shafe shekaru kana zarya, ka tashi da albashin wata ɗaya.

Ban ce ba ka da madafa ba, sai na ga takardunka. Yarjejeniya ta 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1982, ta ce kada a sallami ma'aikaci sai da ƙwaƙƙwaran dalili, kuma akwai alƙalan da kan jingina da ita, sai dai ƙasashe ƙalilan ne suka amince da ita a hukumance. Idan kuwa shiga ƙungiyar ƙwadago ko addininka ne ya jawo korar, kuma kana da shaida, to magana ta canza. Ni dai ban ga abin da zai hana kamfani rubuta wa mutumin da ya yi masa shekara 9 ko layi ɗaya na dalili ba.

Ka lura da wa'adin kai ƙara: kwana 30 ne a Afirka ta Kudu, wata 12 a Faransa. Bincika na ƙasarka yau. Kada kuma ka sa hannu a takardar da ke cewa ka karɓi dukkan haƙƙoƙinka kafin lauya ya karanta ta.

Shawarata, lauyanka ya rubuta musu, a zauna sulhu a gaban mai shiga tsakani. A can kana iya neman kuɗin sallama da takardar shaidar aiki mai kyau, wadda da wuya alƙali ya umarci a ba ka.