Yadda kwamfuta take gano filin da gini ya faɗa ciki

Ɗana, ka tambaye ni yadda kwamfuta take gano, a cikin dubban filayen da ke kan taswirar Damagaram, wanda wani ɗigo ko wani gini ya faɗa cikinsa, ba tare da ta bi su ɗaya bayan ɗaya ba. Sirrin yana cikin tsarin da ake kira R-tree, wanda masanin kwamfuta Antonin Guttman ya gabatar a 1984, kuma da irinsa PostGIS, manhajar ajiye bayanan taswira, take aiki.

Kowane fili, komai karkacewar iyakarsa, ana kewaye shi da akwati mai kusurwa huɗu, mafi ƙanƙanta da zai ɗauke shi. Sai a tara akwatunan da ke maƙwabtaka cikin wani babba, manyan kuma cikin wanda ya fi su, har a kai ga guda ɗaya da ya rufe garin duka. Idan an zo nema, daga sama ake farawa, kuma duk akwatin da bai ɗauke ginin gaba ɗaya ba sai a watsar da shi tare da abin da ke ƙarƙashinsa, domin abin da babba ya kasa ɗauka, ƙaramin da ke cikinsa ba zai ɗauka ba. Da haka ginin da ke unguwar Birni ba ya sa a duba filayen unguwar Zango. Amma akwatuna sukan hau juna, don haka wani lokaci dole a bi reshe biyu, wato a duba cikin akwati biyu.

Inda masu koyo suka fi tuntuɓe shi ne ɗaukar akwati a matsayin fili. A Birni, inda iyakoki suke bin lunguna, akwatin fili yakan haɗa da wani yanki na gidan maƙwabci, saboda haka kowane filin da ya rage sai an gwada shi da ainihin iyakarsa. Idan ɗigo ne, a ja miƙaƙƙen layi daga gare shi zuwa gabas, a ƙirga sau nawa ya ƙetare iyakar: idan sau ɗaya ne ko uku, yana ciki, idan biyu ne ko huɗu, ko bai ƙetare ba sam, yana waje. Idan gini ne, kada ka wadatu da ganin kusurwowinsa duka a ciki, domin a filin da ke da lanƙwasa bango zai iya fita ya dawo alhali kusurwowin ba su fita ba. Sai ka gwada kowane bango da kowane gefen iyaka, ka tabbatar babu inda suka gitta juna.