Hukuncin Rubuta Labarin Jaruma Mai Shigar Maza

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni ɗaliba ce a Gusau, shekarata 23, ina rubuta labarai ina sakawa a Wattpad da zaurukan WhatsApp. Asalinmu mutanen ƙauye ne, 'yan bindiga suka tashe mu. Mahaifinmu ya rasu a harin, mahaifiyarmu ce ta kwana tana ratsa daji da mu, mu biyar, ga goyo a bayanta, har muka fito titi. Yanzu ina rubuta labarin wata yarinya da aka kashe mata uba, ta aske kanta, ta sa kayan maza, ta ɗauki sunan wanta, ta shiga cikin masu tsaron gari. A ƙarshen labarin, bayan an sami lafiya, ta ƙi komawa sunanta, ta ce wa uwarta: "Zama mace ne ya sa kika tsaya kuka, ni na bar wannan." Wani yayana ya ce ƙarya nake rubutawa, kuma na shiga la'anar mata masu kamanceceniya da maza. Ya ce mace ba ruwanta da jarumta, kunya da haƙuri ne adonta. In daina ne ko in ci gaba?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan mahaifinki, ya karɓi shahadarsa, ya saka wa mahaifiyarki da Aljanna. 'Yata, ci gaba da rubutunki, amma akwai magana guda a cikinsa da sai kin gyara, kuma ba ita ce wadda yayanki ya kama ba.

Batun ƙarya ba zai ɗauke mu lokaci ba. Ƙarya ita ce ka ba mutum labari domin ya ɗauka ya faru alhali bai faru ba. Mai karanta ƙagaggen labari ya san ƙagagge ne tun daga bango, kamar yadda yaro ya san inda aka dosa da zarar kakarsa ta ce "ga ta nan, ga ta nanku". Malamanmu na zaure sun daɗe suna karantar da Muƙamatul Hariri, kuma kowa ya san mutanen cikinta ƙirƙirarsu aka yi. Sharaɗin kawai shi ne kada ki sa wa Annabi (SAW) ko wani sahabi ko wani mutum na gaske magana a baki, kuma kada labarin ya ƙawata saɓo.

Inda nake son in daɗe shi ne cewar da ya yi jarumta ta maza ce, duk macen da ta nuna ta ta faɗa cikin la'ana. Wannan magana ta yaɗu a bakin samari masu kishin addini, kuma kuskure ce. Hadisin da ya dogara da shi, wato na la'antar mata masu kamanceceniya da maza, ingantacce ne, Bukhari ya fitar da shi daga Ibn Abbas, ba mai jayayya a kansa. Abin tambaya shi ne: kamanceceniya a cikin me? Hafizu Ibn Hajar a Fathul Bari ya kawo bayanin Ibn Abi Jamra cewa ko da yake zahirin lafazin ya game komai, sauran hujjoji sun nuna abin nufi shi ne sutura da wasu siffofi da motsin jiki da makamantansu, ba kamanceceniya a ayyukan alheri ba. Ƙarfin zuciya alheri ne, kare rai da mutunci alheri ne. Wanda ya ce waɗannan na maza ne su kaɗai, shi ne ake nema ya kawo dalili.

A ranar Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira, Nusaiba 'yar Ka'abu, wadda ake kira Ummu Ammara, ta fito ne da salkar ruwa don shayar da masu rauni. Da sahu ya watse, sai ta ajiye salkar ta ɗauki takobi ta tsaya tana kare Manzon Allah (SAW), har aka sare ta a kafaɗa, sara mai zurfi, ta koma gida da raunuka fiye da goma. Wannan baiwar Allah ta sake fita a yaƙin Yamama zamanin Sayyidina Abubakar, bayan Musailama, mai da'awar annabcin ƙarya, ya kashe mata ɗa, a can ta rasa hannunta. A Hunainu kuma, shekara ta 8, Abu Ɗalha ya ga matarsa Ummu Sulaim da wuƙa, ya gaya wa Annabi (SAW). Da aka tambaye ta, ta ce duk mushirikin da ya matso kusa da ita za ta farke masa ciki, sai Annabi (SAW) ya yi dariya. Muslim ne ya ruwaito. Da abin da ta yi la'ananne ne, ai a nan take zai hana ta, domin ba ya yin shiru a kan ɓarna.

Masu wancan ra'ayi za su ce ai da Nana A'isha ta nemi izinin jihadi an ce mata jihadin mata shi ne hajji. Haka ne. Wannan ya ɗauke wa mata wajabcin fita yaƙi, rahama ce gare su. Bai ce an cire musu zuciya ba, bai kuma hana su kare kansu ba. A mazhabarmu ta Malikiyya, Shaihu Halil ya faɗa a Muhtasar cewa idan abokan gaba suka afka wa gari ba zato, kariya tana zama wajibi a kan kowa, ko da a kan mace ne. Littafin da ake karantawa a zaurukan Kano da Sakkwato da Zinder ke nan, ba wani baƙon littafi ba.

Ni a ganina harshenmu ne ya shigar da mu wannan ruɗu. In mace ta yi abin a yaba, sai mu ce ta yi namijin ƙoƙari, ko ta yi ta maza, ko mu ce mace mai kamar maza. Sarauniya Amina ta Zazzau ma da wannan aka fi yabonta. Muna yabo ne, amma cikin yabon mun riga mun ba wa maza jarumtar, mace aro take yi. Yaro ya tashi da wannan a kunnensa, ya girma ya ji hadisin la'ana, sai ya haɗa biyun ya ɗauka abu ɗaya ne. Kunya da haƙurin da yayanki ya ambata gaskiya ado ne, amma Shari'a ta neme su daga namiji kamar yadda ta neme su daga mace. An siffanta Annabi (SAW) da cewa ya fi budurwa a ɗakinta kunya, kuma shi ne mafi jarumtar mutane. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, tana cikin lulluɓinta ta tsara jajis, wato malamai mata da ta horar, suna shiga ƙauyuka suna jagorantar 'yan taru, wato matan da ke taruwa neman ilimi, ana karantar da mata, ba wanda ya ce ta fita daga mata.

Wani abu a gefe: in za ki kare kanki a gaban masu karatu, kada ki jingina da labarin Khaula 'yar Azwar da ake yawan yaɗawa, wadda aka ce ta rufe fuska ta yi yaƙi har aka zaci namiji ce. Daga littattafan labaran yaƙe-yaƙen Sham ya fito, kuma masana da dama suna shakkar ingancinsa. Abin da ya tabbata ya ishe ki.

Shigar mazan da jarumarki ta yi, a rayuwa ta zahiri haramun ce in ba larura, wannan ba saɓani. Macen da ta ɓad da kama don tsira da rai ko mutunci, larura ta ba ta uzuri gwargwadon larurar. Kawo hakan a labari ba laifi ba ne, Alƙur'ani kansa ya ba da labarin masu laifi da laifinsu.

Abin da ya canza hukuncin shi ne ƙarshen labarinki. An sami lafiya, larura ta kau, amma ta ƙi ajiye sunan wanta, sannan ta dubi uwarta ta ce zama mace ne ya sa ta kuka. Idan a nan kika rufe littafin, mai karatu yana tafa mata, to kin ƙawata abin da hadisin ya hana kai tsaye, wato mace ta ƙi halittar da Allah ya yi mata ta zaɓi zama namiji, kin kuma haɗa da wulaƙanta uwa. Wannan ɓangaren bai halatta ki fitar da shi a haka ba. An ruwaito cewa Ummu Salama ta ce maza suna fita yaƙi mu ba ma fita, sai aka saukar da aya ta 32 a Suratun Nisa'i, wadda ta hana burin abin da Allah ya fifita wani da shi a kan wani, ta ce maza suna da rabo daga abin da suka aikata, mata ma suna da rabo daga abin da suka aikata. Kina iya barin jarumar ta furta maganar cikin zafin rai, mutane suna furta irinta, amma labarin ya nuna ta yi kuskure, ta koma sunanta da ɗankwalinta ba tare da ta rasa komai na jarumtarta ba.

Kuma ki lura, 'yata, ke da yayanki a nan kun haɗu. Shi ya ce jarumta ta maza ce, don haka mace ta bar ta. Littafinki ya ce jarumta ta maza ce, don haka mace ta bar zama mace. Na karanta tambayarki sau biyu, abin da ya tsaya mini a rai shi ne layin da kika wuce da sauri. Mace ta ga an kashe mijinta, ba ta sami damar zaman makoki ba, ta ɗaure goyo, ta tattara yara biyar ta ratsa daji da su cikin duhu, tana toshe bakin jariri kada a ji. Ba ta aske kai ba, ba ta ari sunan kowa ba. Amma da kika zo rubuta uwa a littafinki, sai kika ba ta kuka kawai. Me ya sa? Ki zauna ki tambayi kanki. Ina zaton kina jin haushin ranar da ba ki iya yin komai ba, kina kuma neman wanda za ki ɗora wa. Wannan ciwo ne na gaske, ba na raina shi, amma mahaifiyarki ba ita ce za ta biya ba. Nana Hajara aka bari da jariri a kwarin da babu shuka babu ruwa, ta ce in Allah ne ya yi umarni ba zai tozarta su ba, ta yi ta kai-kawo tsakanin Safa da Marwa har sau bakwai. Har gobe kowane alhaji sawunta yake bi, kuma a inda ta yi gudu, maza ne aka ce su yi sassarfa.

Akwai abin da ba ki tambaya ba amma dole in faɗa. Labarin ramuwar gayya a wannan yanki namu ba wasa ba ne, masu karanta ki wasunsu suna da irin rauninki, wasunsu kuma suna da makami. Kada ki maida wata ƙabila gaba ɗaya ta zama maƙiyan labarin, kada ki nuna kashe wanda ba a tabbatar da laifinsa ba a matsayin bajinta. Maganar Shaihu Halil kariya ce a lokacin da aka afko, ba izini ba ne ga kowa ya ɗauki doka a hannunsa ya bi rugage yana ƙonawa. Ki kuma kiyayi batsar da ta cika wasu zaurukan marubuta saboda neman masu biyan kuɗi, da hirar sirri da maza masu karatu da sunan yabon labari, da raba dare a kan waya har asuba ta kuɓuce.

Yayanki kuwa kada ki yi masa tsawa da wannan amsa. Kishi ne ya sa shi magana, ki nuna masa cikin ladabi. Kafin ki sake rubuta babin ƙarshe, ki sami lokacin da mahaifiyarki take da natsuwa, ki roƙe ta ta ba ki labarin wannan daren daga farko, in tana iyawa. In ta ce ba za ta iya ba, kada ki matsa mata. Wallahu a'alam.