Fentin mutum-mutumi mai rikiɗa: me ke sa shi ɓarewa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sake wa mutum-mutumina na Transformers fenti, irin mai komawa mota. Sau biyu kawai na rikiɗa shi, fentin ya ɓare a kafaɗa da gwiwa, tayoyin kuma har yau danƙo suke yi. Ina na kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Fenti yana da kauri, ko da ido bai gani ba. Tun da kamfanonin Hasbro da Takara suka fito da waɗannan kayan wasa a 1984, ana ƙera sassansu ne su shige juna cif-cif, babu sarari. Ka ɗora fenti a inda roba ke gugar roba, dole ya kankare. Maganin yana wurin samfefa, tun kafin ka taɓa buroshi.

Fara da rikiɗa shi a hankali, kana yi wa duk inda ya gogu alama da fensir. Sannan ka kwance shi, kana ɗaukar hoto a kowane mataki, domin kusoshin ba tsayinsu ɗaya ba. Sandar ƙarfen da ke riƙe gaɓa tana da gefe mai kaushi. In za a cire ta, daga gefe mai santsi ake bugo ta, in ba haka ba ramin ya buɗe, gaɓar ta yi sako-sako. Wanke sassan da sabulu da ruwan ɗumi, su bushe sarai.

Wuraren da ka yi wa alama, ci su da samfefa mai lamba 400 har sai siririyar takarda ta iya ratsa tsakaninsu, sauran jikin kuma a bi shi sama-sama da 800. Fesa fentin shimfiɗa, wato shafin farko da ke sa fenti ya kama, daga nisan santimita 20 zuwa 30. Bayansa fentin akrilik, shafi biyu ko uku marasa kauri, kowanne ya bushe kafin na gaba. A rufe da banish. Ƙwallon gaɓa da raminsa kuwa, ni shawarata a rufe su da tef a bar su da launinsu. Sau da yawa da nailan ake yin su, fenti ba ya kama shi.

Danƙon tayoyi alamar fentin inamel ne, wato fentin mai, a kan roba mai laushi ta PVC: sinadarin da ke tausasa robar ne ke hana shi bushewa, ko shekara zai yi. Goge shi da alkohol, ka bar tayar baƙa yadda ta zo. Kada dai alkohol ɗin ya taɓa gilashin motar, yana tsattsaga roba mai garai-garai. Asiton, wato ruwan goge fentin farce, narkar da jikin yake yi gaba ɗaya.

Ka ba shi mako guda kafin rikiɗar farko. Akrilik yana bushewa a sama cikin minti talatin, amma cikinsa ɗanye ne.