Hukuncin Barbaɗa Garin Bagaruwa a Rauni

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Fartanya ta sari ɗana a ƙafa, mahaifiyata ta barbaɗa masa garin bagaruwa ta ɗaure. Wani abokina ya ce wannan camfi ne da bai zo a sunna ba. Mene ne hukuncinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba yaro lafiya. Abin da mahaifiyarka ta yi halas ne, abokinka ya yi gaggawa. Magani ba ibada ba ne da za a ce sai da nassi a kan kowane ganye. Asalin tsirrai halacci ne, gwaji ke nuna mai amfani. Bagaruwa kuwa tana da baurin da ke tsuke fata, shi ya sa majema suke jima da ita, wanzamai ma suka daɗe suna sa ta a kaciya.

Bukhari ya ruwaito daga Sahlu ɗan Sa'ad cewa ranar Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira, da aka raunata Annabi (SAW) a fuska, Ali yana zuba ruwa, Nana Faɗima tana wankewa. Da ta ga jinin sai ƙaruwa yake, ta ƙona guntun tabarma ta manna tokar, jinin ya tsaya. Tirmizi kuma ya ruwaito cewa ana sa masa lalle a rauni.

Ka lura da Nana Faɗima: da wanki bai yi ba, ba ta nace ba, ta sauya. Nan mutanenmu suke kuskure. Sai ƙafa ta kumbura, tana wari, yaro yana zazzaɓi, a ce a ƙara kwana biyu. In abin ya kai nan, barin yaro a gida haramun ne, saboda hadisin "babu cuta, babu cutarwa". Kuma saran ƙarfen da ya sha ƙasa yana iya jawo tsinkau-tsinkau, cutar da ke datse haƙora, wadda bagaruwa ba ta hanawa. Ka kai shi asibiti yau a wanke, a yi masa allurarta.

Kashin shanu da wasu ke shafawa, duk da mai tsarki ne a mazhabarmu ta Malikiyya, bai halatta a rauni ba, don yana ɗauke da ƙwayar cutar nan. Haka maganin da aka haɗa da kiran iskoki.

Wajen alwala, in ruwa zai cutar, yaron ya shafa a kan ɗaurin, ya isar masa. Wallahu a'alam.